'Ya'yan mulian da na sayo daga Sin: na shago ya yi kyau, na oda ya kunyata ni ranar suna

Duk mai zuwa Yiwu ko Gwanzu sarin kaya a watannin zafi, ina ba shi shawara ya nemi jelin mulian, wato daskararren abin sha da ake yi da ƙwayoyin ɗan wani itace, ya sha ko da sau ɗaya ne. Abin sha ne mai sanyaya rai, kuma babu wani abin shakka a cikinsa ga Musulmi. Wannan shi ya fara jan hankalina, domin ni duk wani abu mai daskarewa a ƙasar Sin ba na kusantarsa sai na tabbatar babu jelatin na alade. Tafintarmu ta kai ni har inda wata mata take haɗa shi, na ga komai da idona: 'yan ƙananan ƙwayoyi a ƙulle cikin farin ƙyalle, da ruwan sanyi a roba. Ba wuta, ba gari, ba komai.

Itacen ɗan uwan ɓaure ne, sai dai shi ba ya tsayawa da ƙafarsa, yaɗo yake yi yana manne wa tsofaffin bangaye da duwatsu da jikin manyan bishiyoyi a kudancin Sin. Sunansa bili, ɗan da yake haifa kuma mulian. A lardin Zhejiang, wajen Ningbo da Shaoxing da Hangzhou, an daɗe ana sayar da jelinsa a bakin titi da ruwan sukari da na'a-na'a. Mutanen Taiwan suna da nasu jinsin da suke kira aiyu, su kuma da lemun tsami da zuma suke sha. Itacen akwai mace akwai namiji, kuma cikin 'ya'yan macen ne kaɗai ake samun ƙwayoyin da ke daskarar da ruwa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Na sayi ƙaramar leda a wani shagon kayan gargajiya, na zo da ita Kano. Wallahi ban taɓa sayen abin da ya faranta min rai a kicin kamar wannan ba. Giram 25 nake ƙullewa a ƙyalle mai laushi, in tsoma a lita ɗaya na ruwa, in bar shi ya ɗan jiƙa, sannan in yi ta murzawa a hankali kamar minti goma. Za ki ji yauƙi yana fita ta tsakanin yatsunki irin na karkashi, ruwan ya soma yin kauri yana komawa ruwan zuma mai haske. Sai ki cire ƙullin, ki rufe robar, kada ki ƙara taɓa ta. Kafin awa ɗaya ya kama, ki sa cokali ki yanko yana rawa. Shi kansa kusan ba shi da ɗanɗano, abin da kika zuba masa shi yake ɗauka. Na gwada da zuma da lemun tsami, na gwada da zoɓo mai sanyi, yaran gidan nan har faɗa suke yi a kai.

Yana da sharuɗɗa, kuma duk na kiyaye su. Ba ya son maiƙo ko kaɗan, don haka roba da hannu sai an wanke tas. Ba a sa sukari sai bayan ya kama. Ba ya son ruwan zafi. Kuma ba kowane ruwa ba, saboda fektin, wato sinadarin yauƙin da ke jikin ƙwayoyin, sai ya haɗu da kalsiyam na cikin ruwa yake ɗaurewa, shi ya sa ruwan da aka tace fiye da kima ba ya yi. Ni ruwan rijiyar burtsatse nake tafasawa in bar shi ya huce. Idan ya kwana kuma sai ya dinga tsiyaye ruwa yana raguwa, a yi a sha a ranar ya fi.

To ganin haka, da haihuwar 'yata ta matso, na ce ranar suna da shi zan tari baƙi. Na nemi mai shagon ta manhajar saƙo ta WeChat, na yi odar kilo ɗaya ya haɗa da kayana a kago. Na biya ba tare da na nemi ragi ba, na kuma roƙe shi ya ba ni irin wancan na farko, ya amsa min da to.

Ranar suna tun asuba na tashi da 'yan mata biyu, muka jera robobi manya a tsakar gida. Muka murza, muka murza, hannuna har ya yi sanyi, ruwa yana nan tsararo. Na ce a ba shi lokaci. Hantsi ya yi, azahar ta yi, mata suka fara cika gida, kuma na riga na yi ta ba ƙawayena labari, kowacce ta shigo sai ta ce, "Hajiya, ina abin Chanan namu?" Surukar 'yata ma da kanta ta leƙo kicin ta ce, "Maman Amira, ko in turo yara su taya ki?" Na rasa bakin amsa mata. Ruwa ne kawai mai duhu-duhu da warin rima, ba abin da za a saka a gaban baƙo. Haka muka zubar da shi duka, na aika aka sayo lemun kwalba. Wanda bai taɓa shirya taro ba ba zai gane irin nauyin da na ji ba.

Da gida ya watse na juye ledar a faranti. Saman kawai ne ƙwaya mai kyau. Daga tsakiya zuwa ƙasa ɓawo ne da busassun furanni da wani baƙin gari, ga alama har da cikin 'ya'yan namijin aka kankare aka cika nauyi, ɗan abin da ke ciki na ƙwaya kuma ya tsufa. Na tura masa hoto. Amsar da ya ba ni ita ta fi ƙona min rai: wai ruwanmu ne ba shi da kyau. Sai na ɗauko ragowar ledar farko, ruwa ɗaya, ƙyalle ɗaya, roba biyu a jere, na ɗauki bidiyo. Tsohon ya kama, nasa bai ko motsa ba. Tun da na tura masa bai sake cewa uffan ba, kuɗina kuma har yau.

Cikin odar akwai busassun 'ya'yan da aka tsaga biyu, na magani, domin mai jego. Likitancin gargajiyar Sin ya daɗe da sanin mulian. Masanin magungunan Sin Li Shizhen ya kawo shi a babban kundin magungunansa, Bencao Gangmu, wanda aka buga a 1596, kuma ana ba da shi don kawo ruwan nono, da basir, da kumburi, sassan kara da ganye kuma don ciwon gaɓoɓi. A lardin Guangdong ma ɓawon nasa ake sayarwa da sunan wang bu liu xing na Guangdong, a madadin wani maganin daban mai wannan suna, don haka mai saye ya duba abin da aka ba shi. 'Yan uwa mata ku kula sosai a nan: yadda suka saba dafa wa mai shayarwa shi ne da ƙafar alade, kada ki karɓi dafaffe ko haɗaɗɗe a hannun kowa. Ni niyyata in dafa da ƙafar saniya. Amma bayan abin da na gani a ledar ƙwayoyin, zuciyata ta ƙi yarda in ba 'yata mai jariri a hannu abin da ya fito daga wannan shagon, ga shi wasu ɓawon har sun yi fumfuna a ciki. Ta ci gaba da kunun kanwarta da abin da ungozomar asibiti ta ce, nono kuma ya zo lafiya lau, alhamdulillahi.

Da na fara rubutun nan niyyata in ce kowa ya saya. Yanzu da na tuna ranar nan, gaskiya ba zan ce haka kai tsaye ba. Idan kina can da kanki, ki sa hannu har ƙasan buhu, ki shinshina, ki sayi kaɗan ki gwada a masauki da ruwan gora mai ma'adinai kafin ki ƙara. Oda daga nesa kuwa ban ba kowa shawara ba, musamman idan taro za a yi da shi.