Ledar binil da linoliyam a kicin ɗin sana'a, bayan damina biyu

A kasuwa duk shimfiɗar ƙasa da ake sayarwa a naɗe sunanta leda, kuma daga wannan suna ɗaya ruɗani yake somawa ga mai son gyara kicin ɗin gidan abinci. Idan mutum ya nemi linoliyam, abin da aka fi miƙo masa shi ne ledar ɗakin amarya mai zanen katako ko fure, wadda robar PVC ce siririya, ba ta haɗa komai da linoliyam na ainihi ba, kuma ba ta da ƙarfin jure wurin da ake jan buhu da tukunya. Kayan da nake nufi iri biyu ne masu kauri da ake mannawa da gam a kan daɓe, wato linoliyam na gaske da ledar binil mai kaushi wadda aka yi domin hana santsi. Mun shimfiɗa dukansu a wurinmu, inda muke girkin biki da na taro, kuma yanzu sun ga damina biyu.

Linoliyam tsohon kaya ne, domin tun a shekarun 1860 wani ɗan Ingila mai suna Frederick Walton ya ƙirƙiro shi, kuma har yau ana yin sa a garin Kirkcaldy na Sikotilan. Ana haɗa shi da man linsid (man da ake tatsa daga ƙwayar wata shuka) da aka bari ya daskare, da ƙaro, da garin katako, da garin farar ƙasa, sannan a matse haɗin a kan saƙar zare irin ta buhun algarara. Launinsa ya ratsa shi tun daga sama har zuwa saƙar, saboda haka ko ya sami ƙarzuwa ba ya tona asiri. Mun sa mai kaurin milimita 2.5 a ɗakin kwaɓin fulawa da barandar da ake fita da abinci, kuma a nan ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Masu tsayuwar murza cincin tun safe sun ce ƙafa ba ta gajiya a kansa kamar yadda take yi a kan tayil, gari yana sharuwa tas, kuma ɗan rawaya-rawayan da ya zo da shi sabo ya washe da kansa bayan ya sha haske.

Kuskurenmu shi ne da muka bar shi ya zarce har gaban wurin wanke-wanke, don kawai ragowar naɗin ta isa kuma muna ƙyashin a yar. Linoliyam ba ya shiri da abu biyu, ruwan da ya kwanta da kuma sabulu mai kaifi, alhali su ne abincin yau da kullum a wurin wanke tukwane. Yaran aikinmu sun saba jiƙa soda su wanke maiƙo, wani lokaci su ƙara da ruwan bilic, kuma soda tana cin man da aka gina linoliyam da shi. Kafin shekara ta zagayo wurin ya dusashe ya yi ɓarɓashi, kamar fatar da hunturu ya busar. Daga baya ruwa ya sami hanya ta bakin magudana ya shiga saƙar da ke ƙasa, gefen ya kumbura ya ɗago, har sai da aka riƙa gargaɗin duk mai wucewa da faranti.

Batun santsi kuwa shi ne ya raba gardama. Jamusawa suna da gwaji da ake zuba mai a kan shimfiɗa, mutum ya riƙa takawa ana ƙara karkata ta har ƙafarsa ta zame, sannan a ba ta maki daga R9 zuwa R13. Linoliyam galibi R9 ne, wanda ya wadatar a busasshen wuri, amma kicin ɗin da ake suya ana nema masa R11 ko R12. Binil ɗin da muka sa a gaban murhun gas mai R12 ne, kaurinsa milimita 3, kuma an cakuɗa robarsa da ƙananan ƙwayoyi masu tauri irin na jikin takardar goge katako. Kamfanin Altro na Ingila ne ya fara fito da irin wannan shimfiɗa a 1947, yanzu kuma kamfanoni da dama suna yi. Na ga ranar da robar man gyaɗa ta kife ana tsaka da suyar kaji, mai aikin ta taka cikin man da silifas ɗinta riƙe da tire, ta wuce ba ta ko tangaɗa ba. Da a kan tsohon tayil ɗinmu ne, da labarin ya ƙare a wurin mai ɗori.

Sai dai kaushin da ke riƙe ƙafa shi ne kuma yake riƙe dauɗa. Tsumman mofa ba ya fitar da maiƙon da ya shige tsakanin ƙwayoyin, sai ma ya bar zarensa a kai, don haka dole ne a sa buroshi mai tauri da ruwan ɗumi kowane dare, a ɗauraye, a janye ruwan zuwa magudana. Manja idan ya kwana yana barin tabo, abin da ya sa na gode wa wanda ya ba ni shawarar ɗaukar launin toka mai ɗigo-ɗigo a maimakon mai haske da na so. Babban rauninsa zafi ne, tun da roba ce. Wata rana aka sauke tukunyar jalof daga wuta kai tsaye aka dire a ƙasa, kamar yadda aka saba a kan siminti, da aka ɗaga sai ga da'ira baƙa ta narke daidai gindin tukunyar. Tun daga ranar muka sa maƙeri ya yi mana mazaunin tukunya na ƙarfe guda uku. Wanda yake girki da itace ko gawayi bai kamata ma ya shiga wannan zaɓi ba, domin garwashi ɗaya ya isa ya huda binil, linoliyam ma ba zai tsira ba, kuma siminti ko tayil mai kaushi ya fi masa.

Rabin ingancin kowannensu yana hannun mai shimfiɗawa. Naɗin yana zuwa da faɗin mita 2, don haka dole a sami mahaɗa, kuma a binil ana narka wata igiyar roba da na'urar iska mai zafi a cikin mahaɗar har ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya. Ana kuma lanƙwasa shimfiɗar ta hau bango kamar santimita 10 zuwa 15, yadda ba a bar wa ruwa da kyankyaso lungu ba. Samun wanda ya iya wannan aiki ya fi samun kayan wuya, kuma na farkon da muka kira ya ce zai haɗa bakin da gam kawai, sai muka sallame shi. Na biyun ya ƙi taɓa aikin sai da sabon daɓen ya bushe sarai, yana cewa a ƙiyasi siminti yana bushe kusan milimita ɗaya ne a rana, kuma damshin da aka rufe a ƙasa shi ne ke sa gam ya saki. Jiran ya ɓata mini rai a lokacin, amma har yau babu inda binil ɗin ya yi kumburi, ko a watan Agusta.

Wanda zai gyara kicin ɗin sana'a, shawarata ita ce ya sa binil mai kaushi a duk inda ruwa ko mai yake zuba, ya nemi a nuna masa makin santsin a rubuce kafin ya biya kuɗi, ya kuma bar linoliyam ga ɗakin fulawa da baranda da zauren cin abinci. Mu dai a watan jiya muka yanke wanda ya lalace a gaban wurin wanke-wanke muka maye shi da binil, aka sa ƙarfen almini a inda biyun suka haɗu a bakin ƙofa, sodar kuma aka ɗauke ta daga ɗakin fulawa gaba ɗaya.