Sayar da gida a Zariya: ta hannun dillali ko da kanka?

Mai gida a Tudun Wada ko Gyallesu da ya tashi sayarwa, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya miƙa wa dillali, ko ya nemi mai saye da kansa.

Dillali ya san kasuwa. Ya san gida kusa da jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ya fi saurin tafiya saboda hayar ɗalibai, ya kuma san wanda ke riƙe da kuɗi yana neman wuri. Shi zai yi ta kai mutane dubawa, ya sha ciniki har a yi sallama. Ladansa la'ada, galibi kashi 5 cikin 100. Abin da ke ci mini rai shi ne dillalai kan yi sarƙa, wannan ya kawo wancan, kowa ya ɗora nasa a kan farashi, har mai saye ya tsorata ya janye. Tun farko a rubuta farashi da la'ada a gaban shaidu.

Sayarwa da kai babu la'ada, amma tana cin lokaci, kuma ɗan'uwa ko maƙwabci zai taya da arha, kunya ta hana ka ƙi.

Ni dai na fi son dillali ɗaya amintacce, tare da lauya. Dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallaka, kuma a jihar Kaduna hukumar kula da filaye ta KADGIS ce ke wannan aiki. In gidan gado ne a cikin birni, sai magada duka sun sa hannu, mai unguwa na shaida.