Fanka mai miƙaƙƙun fukafukai ko mai kwanciya baya: wacce za ta ja ɓuntu ta dogon bututu?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce kana da injin casar shinkafa, ka ƙara tsawon bututun da ke kwashe ɓuntu, ka sa saikulon (mazurarin da iska ke juyawa a ciki ɓuntu ya faɗo ƙasa) da buhunan tace ƙura a ƙarshe, tun daga nan tsohuwar fankarka ta daina ja. Yanzu an nuna maka guda biyu, ɗaya mai miƙaƙƙun fukafukai da mota doki 20, ɗaya mai fukafukai da suka kwanta baya da mota doki 15, kana son sanin wacce za ka ɗauka.

Ka fara ajiye maganar doki a gefe. A kasuwa da ita ake ciniki, amma doki ƙarfin mota yake faɗa, ba ya gaya maka abin da farfela, wato sashen fanka mai fukafukai da ke juyawa, za ta iya. Abin da ya kashe tsohuwar fankarka matsi ne. Kowace gwiwa a bututu, kowace mita ta tsawo, saikulon, buhunan tacewa, duk suna tare iska, kuma fanka sai ta rinjayi wannan turjiyar kafin ko ƙwayar ɓuntu ɗaya ta motsa. Buhunan kaɗai, idan ƙura ta kama su, suna iya cin faskal (ma'aunin matsi) 1,000 zuwa 1,500. Saikulon ma yakan ci wajen 1,000. Ka ga kafin a lissafa bututu ma an yi nisa.

Mai kwanciya baya ita ce mai tattalin wuta. Mai kyau a cikinsu tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin da ta karɓa zuwa aikin iska, mai miƙaƙƙun fukafukai kuwa tana yawo ne a wajen kashi 60 zuwa 65. A ce kana buƙatar iska mita kubik 10,000 a awa, a matsin faskal 3,000. Aikin iskar zalla kilowat 8.3 ne. Mai kwanciya baya za ta ja kamar 10.4, ɗayar kuma kusan 14. Tazarar kilowat uku da rabi ce, idan ka yi awa goma a kan janareta ya kai kusan lita 10 na dizal kowace rana. Wanda ke sayen mai da kansa ya san wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Tana da wani kirki kuma: ƙarfin da take ja yana da iyaka, yakan hau ya kai wani wuri ya tsaya. Ko yaro ya buɗe bututu gaba ɗaya, ko wani gaɓa ya kwance, motar ba za ta ƙone ba in dai an zaɓe ta daidai. Mai miƙaƙƙun fukafukai ba haka take ba, iska na ƙaruwa tana ƙara jan wuta, shi ya sa ake ɗora mata mota mai rara, kuma shi ya sa ake yawan kai kwayil ɗinta wurin masu naɗi. Ƙararta ma ta fi yawa.

Da a nan maganar ta tsaya da na ce ka ɗauki mai kwanciya baya ka huta. To amma ɓuntu ba iska ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce, tokar nan kuma kusan duk silika ce, wato dangin yashi. Idan yana bi ta cikin farfela a guje, goge ƙarfe yake kamar samfefa. Fukafukan da suka kwanta baya sirara ne, ƙura da dusa kuma suna maƙalewa a cikin lanƙwasarsu. Ba sa maƙalewa daidai a ko'ina, sai gefe ɗaya ya yi nauyi, fanka ta fara rawa, boris ya tafi, daga nan shaf. Na taɓa tsayawa kusa da wata da ta kai wannan hali, har a tafin ƙafa kake jin girgizar, mai injin kuwa yana ta canza boris yana zargin mai sayar da kaya. Mai miƙaƙƙun fukafukai an yi ta ne don wannan dattin. Fukafukanta 'yan kaɗan ne, shida zuwa goma, kaurara, da fili a tsakaninsu, abin da ya shiga tana wurgar da shi. In sun cinye, mai walda zai yanka faranti ya liƙa, sai dai a tabbata an daidaita nauyin farfelar bayan aikin. A wajen matsi kuma ba ta da na biyu a cikin su biyun.

Don haka abin da zai raba maka gardama shi ne inda fankar za ta zauna. Idan ɓuntu zai ratsa cikinta kafin ya isa saikulon, ɗauki mai miƙaƙƙun fukafukai, ka haƙura da kuɗin wuta. Idan kuwa za ka iya mayar da ita bayan saikulon da buhunan tacewa, ta riƙa zuƙo iska mai tsabta, to mai kwanciya baya ce taka. Ni da injin nawa ne, wannan na biyun zan yi, ko da zai ci ni kuɗin sake jera bututu da sa makullin juyawa mai sauke ɓuntu a ƙasan saikulon don kada iska ta sato ta nan. Wahalar sau ɗaya ce, dizal kuwa kullum ne.

Akwai ta uku da wataƙila za a tallata maka saboda araha, mai ƙananan fukafukai da yawa da suka lanƙwaso gaba, irin ta cikin na'urar sanyaya ɗaki. Wannan ta iska mai yawa ce a matsi kaɗan. Kada ka kula ta.

Ko wacce ka zaɓa, ka nemi takardar da ke nuna yawan iska da matsi a layi ɗaya, ka duba inda buƙatarka ta faɗo. Mai sayarwa yakan faɗi mafi girman iska da mafi girman matsi a numfashi ɗaya, alhali fanka ba ta ba da su tare. In babu takarda, ka ja da baya. Auna matsin injinka ba wuya: siririn tiyo mai nuna ciki, a lanƙwasa shi kamar harafin U, a zuba ruwa, a soka baki ɗaya a jikin bututu. Bambancin milimita ɗaya na ruwa kusan faskal 10 ne. Ka auna lokacin da buhuna suka yi datti, ba ranar da aka kakkaɓe su ba.

Takardun nan an rubuta su ne da iska mai sanyin digiri 20 a gaɓar teku. A Kano, da tsayinta na kusan mita 480 da zafin Afrilu mai kai digiri 40, iska ta fi haka sauƙi da fiye da kashi 10 cikin ɗari, matsin fanka kuma yana sauka daidai da haka. In ka auna 3,000 da rana tsaka, ka nemi wadda takardarta ta ce wajen 3,400. Motar kuma a zaɓe ta da lissafin safiyar hunturu, lokacin da iska ta fi nauyi.

Sai kayan gwanjo. Wutarmu hez 50 ce, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60. Fankar da aka ƙera don can za ta yi gudu ƙasa da nata da kashi ɗaya cikin shida a nan, matsinta kuma ya koma kusan kashi 70 na abin da ke rubuce a farantinta. Wasu kan gyara da canza fuli, amma a yi hattara: ƙarin gudu na kashi 10 yana ƙara matsi kashi 21, yana ƙara jan wuta kashi 33. Kafin ka taɓa fuli, ka sa mai wuta ya auna amfiya, ku kwatanta da lambar da ke jikin motar.

Turo mini faɗin bututunka, tsawonsa, yawan gwiwoyi, da hoton farantin fankokin biyu, mu yi lissafin tare.