Kanibo ko gudron: wanne za a fara kai wa magajin gari?

Duk ƙungiyar farar hula da ta zauna tsara buƙatun Maradi, a nan gardama ke tashi: kuɗin ma'aikatar magajin gari ba ya ɗaukar kanibo (magudanar ruwa) da gudron (kwalta) a lokaci guda.

Masu son gudron suna da hujja. An ga yadda ayyukan Maradi Kwalliya, shirin ƙawata gari na 2015, suka sake fuskar manyan hanyoyi. Ɗan kabu-kabu da ke fama da rairayi a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ga mai da tsada, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Gudron kuwa ana ganinsa, shi ya sa ƴan siyasa ke sonsa.

Kanibo ba ya da wannan farin jini, amma ni shi zan sa gaba. Ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon gari daga bakin gulbi zuwa tudu, kuma har yau ruwan Agusta daga tudun yake gangarowa da ƙarfi, yana cin ƙasa, yana jiƙa gindin katangun laka har su zube. Hanyar da aka shimfiɗa ba magudana, ruwa ne ke ɓantare gefenta tun daminar farko.

Sai dai kanibo na da sharaɗi. In ba amalanken kwasar shara a unguwa, leda da yashi za su toshe shi, ya koma gidan sauro a ƙofar mutane. Don haka a rubuta kuɗin yashe kanibo kafin damina cikin takarda ɗaya da kuɗin gini.