Portobello ta Landan ko Saint-Ouen ta Paris: wacce Hajiya za ta ba ranarta?

Hajiya, barka da warhaka. Kin ce za ki yi 'yan kwanaki a Landan sannan ki ƙetara Paris, kina son butar shayi ta azurfa da agogon bango irin na da, da darduma in ta samu, kuma kina tambaya wace kasuwar tsofaffin kaya ce ta fi cancanta ki ɓata mata yini guda: Portobello ko Saint-Ouen. Amsata ita ce kayan da kika lissafa ba a kasuwa ɗaya suka fi kyau ba. Butar a Landan take, agogon da dardumar a Paris. In kuwa dole sai ɗaya, to ki duba akwatinki: abin da zai shiga cikinsa Portobello, abin da ba zai shiga ba Saint-Ouen.

Ranakun cinsu su ne za su fara raba miki gardama. Portobello titi ne guda a unguwar Notting Hill, yammacin Landan, kuma masu kayan tarihi ranar Asabar suke cika. Wanda ya je Talata zai tarar da masu kayan miya da 'yan shaguna, ya dawo yana cewa an zuzuta masa banza. Saint-Ouen kuwa tana ci Asabar da Lahadi da Litinin, sai dai Litinin ɗin rumfuna da yawa a rufe suke, haka ma watan Agusta lokacin da Faransawa ke tafiya hutu. Tunda kina da bizar kowacce daga ƙasashen biyu, ki ba Landan Asabar, ki hau jirgin ƙasan Eurostar, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna, ki ba Paris Lahadi. Tashar da zai sauke ki, Gare du Nord, tana kan layi na 4 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma ƙarshen layin nan ta arewa shi ne Porte de Clignancourt, bakin kasuwar.

Wajen girma ba a haɗa su. Portobello kina shiga ta tashar Notting Hill Gate ki miƙe arewa, ba inda za ki ɓata. Kayan tarihin suna farkon titin, daga Chepstow Villas zuwa Elgin Crescent. Daga nan sai masu 'ya'yan itace da abinci, sai 'yan gwanjon tufafi a ƙarƙashin gadar Westway, sai Golborne Road inda tarkace ke zube a ƙasa, unguwar da 'yan Maroko suka daɗe a cikinta. Masallacin Al-Manaar yana nan kusa da gadar, a Acklam Road, in azahar ta riske ki. Abin da baƙi ke kuskurewa shi ne teburan bakin titi ba su ne kasuwar ba. Kayan kirki suna cikin gine-ginen da ke gefe, ƙofa ƙarama amma in kin shiga sai ki ga rumfuna jere har ƙarƙashin ƙasa. Ki isa kafin ƙarfe tara. Da hantsi ya yi, masu ɗaukar hoto sun cika titin, ko tsayawa ki duba kaya a tsanake ba za ki iya ba.

Saint-Ouen gari ce. Faɗinta ya kai kadada 7, kasuwanni fiye da goma ne a haɗe, kowacce da ƙofarta da irin kayanta. 'Yan jari bola ne suka kafa ta, waɗanda aka matsa wa a cikin Paris suka koma bayan ganuwa suna baje abin da suka tsinto, kuma daga 1885 ake lissafa ta a matsayin kasuwa. Yau jikokin sana'ar suna sayar da kujerar da kuɗinta zai sayi mota. Vernaison, wadda ta fara a 1920, ita ce mai lunguna, ita ce ta ƙananan kaya da farashin da mutum zai iya tunkara. Biron ta 1925 ta masu hannu da shuni ce: madubai masu ruwan zinare, fitilun rufi, kabad na zamanin sarakunan Faransa. Paul Bert da Serpette can masu ƙawata gidajen attajirai ke sayayya. Dauphine, ta 1991, bene ce mai rufi, akwai littattafai da faifai da dardumai. Jules Vallès ita ce har yanzu ƙurarta ba ta gama fita ba, kuma ni ita da Vernaison zan tura ki.

Sai dai hanyar shiga Saint-Ouen ba ta da daɗi, gara ki sani tun yanzu. Daga tashar zuwa kasuwar za ki ratsa ƙarƙashin babban titin da ya kewaye Paris, cikin masu tallar jabun jakunkuna da takalma, da 'yan wala-wala masu juya kati uku a kan kwali, da 'yan sane. Mutane da yawa a nan suke juyawa, suna zaton kasuwar ke nan. Ki rungume jakarki, kada ki tsaya, sai kin ga titin Rue des Rosiers ta hagu. Portobello ma akwai 'yan sane saboda cunkoso, amma ba wannan ƙofar mai firgitarwa.

Dalilin da ya sa na ce butar a Landan take shi ne azurfar Ingila tana ɗauke da shaidarta a jikinta, kuma ko ba gwana ba za ki iya karantawa. Ki juya butar, ki duba gindinta ko gefenta kusa da mariƙi, za ki ga ƙananan tambura a jere, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Zaki mai tafiya da ƙafa ɗaya a ɗage yana nufin azurfa ce ta ainihi, kashi 925 cikin 1000. Na kusa da shi garin da aka auna ta: kan damisa Landan, ƙugiyar jirgin ruwa Birmingham, kambin sarauta Sheffield a tsofaffin kaya. Sai harafi guda da ke nuna shekara, wanda mai rumfar zai buɗe miki ɗan littafi ya nuna miki, sai haruffan sunan maƙerin. In kuwa abin da kika gani EPNS ne, ruwan azurfa aka yi wa wani ƙarfe. Ba laifi a saya, tana da kyau a kan tire, amma ba da kuɗin azurfa ba. Ki nemi aron gilashin ƙara girma a wurin mai kayan. Wanda ya yi nauyin hannu wajen miƙo miki shi, ki yi gaba. Faransa ma tana da nata tambarin, kan mace sanye da hular yaƙi, tun 1838, da lamba 1 ko 2 a gefe, amma sau da yawa ya fi wuyar ganowa, kuma bayanin da Faransanci za a yi miki shi. Ga wanda ya fito daga Maraɗi ko Damagaram wannan ba matsala ba ce. Ke da Turanci ne a bakinki, Landan ta fi miki sauƙin tambaya.

Ki kula da mariƙin butar. Tsofaffi da yawa an sa musu ɗan farin zobe sama da ƙasa don kada zafi ya kai hannu, kuma zoben nan sau da yawa hauren giwa ne. Ingila ta hana cinikin haure tun 2022, in ban da 'yan kayan da aka yi wa rajista, kuma fita da shi ƙetare wata rigimar ce da kwastan. Ki zaɓi mai mariƙin katako ki huta.

Agogon bango kuwa Faransa ce gidansa. Masu akwatin katako da ke kaɗa ƙararrawa duk minti goma sha biyar, na kamfanoni irin su Vedette da Odo, gidaje da yawa sun rataye su a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, shi ya sa suke da yawa a kasuwa. Ki sa a ɗaura shi a gabanki ki ji bugunsa, ki karɓi makullinsa, a cire majaujawar da ke lilo a cikinsa a naɗe ta daban. Darduma ki juya bayanta: saƙar hannu ƙullinta ba ya zama daidai wa daida, gezarta kuma daga jikinta take fitowa, ba ɗinka ta aka yi ba. In kin yi sha'awar babban kaya, akwai kamfanonin jigila a cikin kasuwar da ke bi rumfa-rumfa su tattara abin da kika saya. Ki ji kuɗinsu kafin ki yi ciniki, domin kai kabad Legas ko Kwatano, balle daga can zuwa gida, yana iya fin kuɗin kabad ɗin.

A duka biyun za ki ga gumaka da tagulla da aka ce tsofaffin kayan Afirka ne. Da yawansu sababbi ne, irin waɗanda ake ƙerawa a Fumban ta Kamaru a tsufar da su da hayaƙi da ƙasa, kuma fataken da ke kai su Turai har da 'yan uwanmu Hausawa. Ba sai kin je Paris kin saya da yuro ba.

Ciniki ana yi a nan da can, amma ba irin na Kasuwar Kurmi ba, inda za a ce dubu goma ki taya uku a yi dariya a ci gaba. A Landan da Paris tayin wulaƙanci yana rufe magana. Ki tambayi farashinsa na ƙarshe, ki sa ran ragin kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari, ya ɗan fi haka in kin haɗa kaya biyu ko uku a rumfa ɗaya, ko kin zo da tsabar kuɗi. Bafaranshe kuma in ba ki gaishe shi ba kafin ki taɓa masa kaya, kin riga kin yi asarar ragin. Kowace kika je, ki sa a rubuta miki rasit mai bayanin kayan da shekarunsa da abin da aka yi shi da shi. Shi za ki nuna a filin jirgi in an buɗe akwatin.