Na kai karnukan gonata riga-kafi a asibitin dabbobi

Bara da damina kwiyakwiyai uku suka mutu mini a gonata da ke hanyar Jibiya, duk cikin sati ɗaya. Amai, zawo da jini mai wari, kwana biyu sai ka ga kwikwiyo ya koma fata da ƙashi. Daga baya na ji sunan cutar, farbo. Da karyata ta sake haihuwa bana, ban tsaya jiƙe-jiƙe ba, na ɗora su a a-kori-kura sai wani asibitin dabbobi a cikin Katsina.

Likitan bai yi gaggawar tsira allura ba. Ya auna zafin jikinsu, ya duba dasashi, ya ba da maganin tsutsar ciki. Ya ce mini, "Malam, kare mara lafiya ba a yi masa riga-kafi." Kwiyakwiyan suna da sati 7 aka yi musu allurar haɗi mai kare su daga farbo da wasu cututtukan, aka maimaita sau biyu, sati 3 zuwa 4 tsakani. Ta haukan kare sai da suka kai wata 3, ita kuma duk shekara ake sabuntawa.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne kwalbar. A gabana ya ciro ta daga kula mai ƙanƙara, ya nuna mini ranar da za ta lalace. Maganin da zafin Katsina ya dafa a kan tebur ruwa ne kawai, ka biya kuɗi ka koma gida kana zaton karenka ya tsira. Haukan kare kuwa in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi, kuma 'ya'yana da na maƙwabta a gonar nan suke wuni.

Ƙorafina biyu ne. Na zauna fiye da awa biyu a bayan masu tumaki da kaji, babu inuwar kirki da za a ɗaure kare. Allurar haɗin kuma ta taɓa aljihu, musamman ga mai kwiyakwiyai huɗu. Ta haukan kare ba ta kai ta tsada ba.

Sun ba ni kati ga kowane kare, da ranar dawowa a rubuce. Duk huɗun suna nan da rai, sun fara bin uwarsu gadin masara.