Bin Sawun Kakan da Ya Yi Aikin Jirgin Teku: Inda Za Ka Sa Kuɗinka da Inda Za Ka Riƙe Su

A gidaje da dama a Yauri, Jega, Argungu da Birnin Kebbi akwai labarin wani tsoho da aka ce ya yi aikin jirgin ruwa, ya ga Ingila, ya dawo da agogon aljihu da kwat mai nauyi. Jikan da ya tashi neman gaskiyar labarin yana da hanyoyi da yawa a gabansa, wasu kyauta, wasu da kuɗi, kuɗin ma fam ne ko dala. Abin da ya fi cinye kuɗin mutane a banza shi ne biyan shafin intanet tun ba su san sunan jirgi ko ɗaya ba. Mafi yawan takardun ma'aikatan teku an jera su ne bisa lambar jirgi da shekara, ba bisa sunan mutum ba. Wanda bai da sunan jirgi lalube yake yi cikin duhu.

Kafin komai, a tantance me "aikin jirgi" ke nufi a bakin wanda ya ba da labarin. A ƙasar Kebbi yana iya zama Basarke ne da ya bi Kwara da jirginsa na katako. Yana iya zama ma'aikacin jiragen kogi na kamfanin UAC da ke tashi daga Burutu ko na John Holt daga Warri, ko na sashen jiragen gwamnati da aka kafa a 1914. Yana iya zama ɗan dako a tashar Apapa ko Takoradi. Akwai kuma fataken goro: da cinikin Gwanja ya koma hanyar teku, Hausawa da yawa sun riƙa shiga jirgi daga Sekondi ta ƙasar Gana zuwa Ikko, wato Legas, suna kwana a kan huhunan goronsu, amma a matsayin fasinja. Ga kuma sojojin runduna ta 81 da ta 82 da aka kwasa a jirgi zuwa yaƙin Bama. Duk waɗannan sun hau ruwa, amma wanda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a yarjejeniyar aikin jirgin kasuwanci shi kaɗai ne zai fito a jerin ma'aikata. A kuma sani cewa kamfanin Elder Dempster na Liverpool, wanda ya mamaye jigilar Afirka ta Yamma, ya daɗe yana ɗaukar 'yan ƙabilar Kru daga Laberiya da Saliyo. Sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga ɗaukar 'yan Najeriya sosai a Ikko, kuma akasarinsu mutanen bakin teku ne. Hausawa sun shiga, amma ba su da yawa. Idan labarin gidanku ya girmi 1940, a fi ba sauran fassarorin ƙarfi.

Hanya mafi arha kuma mafi albarka ita ce akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon wata gwaggo. Abin da ake nema ɗan littafi ne mai kaurin bango, kamar fasfo, an rubuta Continuous Certificate of Discharge a jikinsa. Shi ne littafin sallama. A farkonsa akwai suna, shekarar haihuwa, tsayi, alamar jiki kamar tsagar fuska, da lambar mutumin. Kowane layi a ciki tafiya ɗaya ce: sunan jirgi da lambarsa, rana da tashar da aka ɗauke shi, aikinsa, rana da tashar da aka sallame shi, sai hatimi biyu, ɗaya na iya aiki ɗaya na hali. Inda aka buga Very Good, kyaftin ya gamsu. Inda aka rubuta DR, ya ƙi ba da shaida, kuma sau da yawa nan ne aka yi rigima. Wanda ya samu wannan littafi ya gama rabin aiki ba tare da kashe ko sisi ba. Kada a kai shi shago a liƙe shi da leda mai zafi, domin tawadar hatimi na lalacewa kuma ba a iya ɓare ledar. A shimfiɗa shi a inuwa da hantsi, a ɗauki hoton kowane shafi har da waɗanda ba a rubuta komai ba.

Idan babu littafin, sai baki. Kada ka ce, "Inna, mene ne sunan jirgin?" don da wuya ta sani. Ka ce, "Inna, wane gari Baffa ya fi yawan ambata? Da ya dawo, an haifi Kawu ko tukuna? Wa ke sarauta?" Idan ta ce zamanin Sarkin Gwandu Yahaya ne, ka san tsakanin 1938 da 1954 ne, idan ta ce Haruna, daga 1954 ne zuwa gaba. Mutanen Yauri kuwa suna auna lokaci da tashin garuruwa saboda madatsar Kainji a 1968. A tambayi aikinsa ma: mai zuba kwal a inji ne, kuku ne, ko boyi? Tabon ƙuna a hannu yakan nuna mutumin ɗakin inji.

Sai shafukan kyauta, kuma ya kamata a ƙure su kafin a taɓa aljihu. FamilySearch na da hotunan jerin ma'aikatan jiragen da suka shiga New York har zuwa 1957, kuma ana nema da suna. Shafin CLIP yana ba da lambar rajistar jirgin Ingila idan ka sa sunansa. Wannan lamba ba ta canzawa muddin jirgin na ƙarƙashin tutar Ingila, ko da an sake masa suna. Tana da amfani ƙwarai, don Elder Dempster ya yi jirage fiye da ɗaya masu suna Apapa, Accra da Abosso. Idan labarin shi ne ya tafi lokacin yaƙi bai dawo ba, a duba shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth. Allon tunawa na Tower Hill a Landan na ɗauke da sunaye kusan 36,000 na ma'aikatan jiragen kasuwanci da na kamun kifi da suka mutu a yaƙoƙin duniya biyu ba su da kabari. Jirgin Abosso kaɗai, da Jamusawa suka nutsar a 29 ga Oktoba 1942, ya tafi da mutum 362.

A nan ne suna ke ba da wahala. Akawun jirgi yana rubuta abin da kunnensa ya ji. Mamman ya zama Momo ko Mama, Garba ya zama Garuba, Audu ya zama Awudu, Umaru ya zama Moru. Sau da yawa ba a sa sunan uba ba, sai gari ko ƙabila: Musa Sokoto, Ali Hausa, Bawa Yelwa. Kebbi ba ta zama jiha ba sai 1991, don haka wurin haihuwa zai fito Sokoto, ko Lagos saboda can aka ɗauke shi, ko Nigeria kawai. Shekarun haihuwa kintace ne, a ba su sararin shekara biyar gaba da baya. A rubuta duk siffofin sunan a takarda, a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Cikin shafukan kuɗi, biyu ne ke da amfani, kuma kowanne da inda ya tsaya. Findmypast ke da katunan rajistar ma'aikatan teku na Ingila daga 1918 zuwa 1941, kuma na 1918 zuwa 1921 suna ɗauke da hoton mutum. Ancestry ke da jerin fasinjojin da suka shiga Ingila daga 1878 zuwa 1960, da jerin ma'aikatan jiragen da suka shiga tashoshin Amurka. Ga inda matsalar take: mafi yawan kakanninmu sun fara aiki ne bayan 1941, wato bayan an rufe waccan rajistar. Ga irinsu, biyan Findmypast asara ce. Dukansu biyun suna barin mutum ya ga sakamakon nema a taƙaice kyauta, to kada a biya sai an ga suna da shekara masu kama da naka. A ɗauki na wata ɗaya, a kashe sabuntawa ta kai-tsaye a ranar, a kuma tabbatar katin banki na biyan kuɗin waje.

Ga wanda ya yi aiki daga 1941 zuwa 1972, takardunsa na gidan adana takardu na Ingila da ke unguwar Kew a Landan. Rukunin BT 382 na ɗauke da katin da ya jera jiragen da mutum ya yi aiki a kansu. Rukunin BT 372 kuwa ambulan ne na kowane mutum, wani lokaci da hoto da zanen yatsu. Ana neman sunan mai ambulan kyauta a kundin gidan ta intanet, sai a biya kuɗin kwafi. Ba duka ambulan ɗin suka tsira ba, kuma idan mutum bai kai shekara 100 da haihuwa ba akan rufe wasu bayanai. Wanda aka ɗauka a Ikko aka sallame shi a Ikko yana iya rasa suna a nan gaba ɗaya, domin rajistar ta fi kama waɗanda suka shiga aiki daga tashoshin Ingila. Rashin sunan ba ya ƙaryata Inna.

Irin wannan mutum sai a neme shi a jerin ma'aikatan jirgin kansa, kuma a ganinmu a nan ne kuɗi suka fi cancantar tafiya. An raba takardun gida uku. Kusan kashi 70 cikin 100 na 1863 zuwa 1938, da kusan kashi 80 na 1951 zuwa 1976, suna Jami'ar Memorial da ke Newfoundland a Kanada. Na shekarun da suka ƙare da 5, kamar 1955 da 1965, galibinsu na gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a Landan. Na shekarun yaƙin duniya na biyu suna Kew. Shafin jami'ar ta Kanada yana nuna kyauta ko suna da takardun jirgi kaza na shekara kaza, idan ka sa lambar jirgin. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne ana ajiye takarda a shekarar da tafiya ta ƙare, ba wadda ta fara ba: jirgin da ya tashi a Disamba 1954 ya dawo a Fabrairu 1955 takardarsa na Greenwich. Ribar wannan takarda ita ce tana ambaton jirgin da mutum ya baro, sai ka bi shi baya, jirgi bayan jirgi.

Idan an ambaci jirage masu suna irin Dan Fodio, King Jaja ko Oduduwa, to kamfanin jiragen ruwa na ƙasa ne, NNSL, wanda aka kafa a 1959 aka rushe a 1995. Da jiragensa suka koma ƙarƙashin tutar Najeriya sun fita daga lissafin Ingila, don haka kada a tura kuɗi waje. A rubuta wa hukumar NIMASA mai kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya, da ƙungiyar ma'aikatan tashoshin ruwa a Legas, tare da hoton littafin sallama. Gidan adana takardu na ƙasa da ke Ibadan shi ke da fayilolin Ikko na zamanin Turawa, na Kaduna kuma ke da na Lardin Sakkwato. Tafiya Kaduna daga Birnin Kebbi ta fi dacewa da mai neman tarihin gari da gida. Ba can ake samun jerin ma'aikatan teku ba.

Gwajin jini na DNA ba ya faɗin sana'ar kowa. Amfaninsa ɗaya ne: idan ana zaton tsohon ya bar 'ya'ya a Liverpool ko Cardiff, inda 'yan Afirka ta Yamma suka zauna suka yi aure. A yi shawara da manyan gida kafin a buɗe wannan ƙofa, don batun nasaba da gado na biye da ita.

Ɗaukar mai bincike a Landan ya fi komai tsada, kuma da awa ake biyansa. Kada a ce masa ya nemo tarihin kaka. A ba shi suna da duk siffofinsa, lambar littafin sallama idan akwai, sunan jirgi da lambarsa, shekarun da ake zato, da rukunin da zai buɗe. A ƙayyade awa biyu ko uku a karon farko, a sa cikin sharaɗi cewa zai turo hoton kowane shafi da lambar fayil ɗinsa, har da jerin fayilolin da ya duba bai samu komai ba, don kada wani ya sake biyan kuɗin duba su.